Suna Ya Ragu, Jana'izar Yara Ta Ƙaru a Agege: Allurar Rigakafi Ce Ke Rage Mu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni malamin Islamiyya ne a Agege, kuma ni ke riƙe da littafin masallacin layinmu, inda muke rubuta ɗaurin aure da raɗin suna da jana'iza. Na yi darasin labarin ƙasa a kwalejin ilimi, saboda haka ba baƙon lissafin haihuwa da mutuwa ba ne ni. Abin da ke hana ni barci shi ne: mutane sai ƙaruwa suke a unguwar, kullum ga baƙi daga gida, amma suna sai raguwa yake a littafin. A ɗaya gefen kuma, a ranin da ya wuce mun yi wa yara uku sutura daga gida ɗaya, duka ƙyanda. Wani mai sayar da magani a bakin masallaci yana faɗa wa mutane cewa allurar da ake yi wa jarirai da masu ciki ce ke kashe mahaifa, wai shiri ne na rage yawan 'yan Arewa a Legas kafin ƙidaya. Da ina yi masa dariya. To amma ga maiɗakina, a gida duk shekara biyu take haihuwa, tun da muka dawo nan ta fara zuwa awo, sai da ta shekara kusan huɗu kafin ta sami wannan ta goye. Yanzu lokacin allurar wata tara ya yi, zuciyata ta kasu biyu. Malam, me littafina yake gaya mini?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan yaran nan, ya sa masu ceton iyayensu ne. Kafin in shiga dogon bayani, ga abin da ba ya jira: a kai yarinyar nan allurar wata tara. Ita ce ta ƙyanda, cutar da ta ɗauki yara uku a layinku, kuma a ranar ake haɗa mata da ta shawara da ta sanƙarau. In ranar da aka rubuta a kati ta wuce, a kai ta ranar rigakafi ta gaba, ba a sake lissafi daga farko. Akwai ta biyu a wata goma sha biyar, wadda yawancin iyaye ke mantawa da ita.

Littafinka kuwa, wallahi ya fi abin da hukuma ke da shi a kan layinku. Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006. Wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. Ita ta 2006 ɗin ta ba Legas mutum miliyan 9 da 'yan kai, ta ba Kano miliyan 9.4, gwamnatin Legas ta ce ba ta yarda ba, nata lissafin miliyan 17.5 ne. Tun daga nan kowa ƙiyasi yake yi, wani ya ce miliyan 15, wani ya ce an haura 20. Kuma a ƙidayar 2006 an cire tambayar ƙabila da ta addini gaba ɗaya, don haka babu wata takarda da za ta gaya maka Hausawa nawa ne a Legas. Ka riƙe wannan, domin zan dawo kansa idan na zo kan mutuminku na bakin masallaci.

Amma littafin yana da rami, kuma a ramin ne tsoronka ya faɗa. Kana rubuta abin da ya faru a gabanka ne, ba ka rubuta mutanen da abin zai iya faruwa a kansu. Ka dubi baƙin da kake cewa suna ƙaruwa. Su waye? Samari ne da magidanta tsakanin shekara goma sha takwas zuwa arba'in: 'yan acaba, masu Keke Napep, masu gadi, 'yan ga-ruwa, 'yan bola-jari, masu sauke kayan gwari a Mile 12, masu aiki a mayankar Oko-Oba. Mutum goma a ɗaki ɗaya, matansu suna Gusau da Funtuwa da Haɗeja da Maraɗi. Unguwa za ta iya ninkawa da irin waɗannan ba a yanka ragon suna ko ɗaya ba. Cin rani ne ya canza kama. Da mutum ya zo bayan an kai amfani gida ya koma da saukar damina. Yanzu da 'yan bindiga suka hana noma a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, ranin ya ƙi ƙarewa.

Sai waɗanda suka kawo iyalansu, irinka. Ka tambayi kanka mata nawa ne a layinku suke haihuwa a Agege. Ciki na kai wata bakwai ake sa mace a mota, goyon ciki. Ba na fari kaɗai ba, har na uku da na huɗu, domin wa zai yi mata wankan jego a ɗaki ɗaya, a gidan da mutum talatin ke layin banɗaki ɗaya? Wa zai dama mata kunun kanwa? Can za ta haihu, can za a raɗa suna, ta yi arba'in, wani lokaci ta ƙara wata biyu, sannan ta dawo da jariri a baya. Idan ƙyanda ta kama shi yana wata goma, kai za a kira ka yi masa salla. Haihuwarsa ta shiga littafin wani limami a Arewa, mutuwarsa ta shiga naka. Manya kuma akasin haka ne: da ciwo ya yi tsanani sai 'yan'uwa su haɗa kuɗi a kai mutum gida, can zai cika. Don haka littafinka dole ya nuna suna kaɗan, jana'izar manya kaɗan, ta yara kuma ta fito fili kamar baƙin tabo a farar riga.

Ban ce maka haihuwa ba ta raguwa idan aka zauna a Legas ba. Tana raguwa, kuma an auna. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Najeriya tana haihuwar 'ya'ya 5.3 a tsawon rayuwarta, a Arewa maso Yamma 6.6, a Kudu maso Yamma 3.9, a Katsina kuwa sama da 7. Wanda aka yi a 2023 zuwa 2024 ya nuna na ƙasa baki ɗaya ya sauko zuwa 4.8. Wanda ya ƙaura zuwa birni, a hankali lissafinsa yana karkata zuwa na birnin, kuma dalilan kai ma ka san su ba sai na karanta maka ba: kuɗin haya na shekara da na ejan, kuɗin makaranta, yarinyar da a ƙauye za a aurar tana sha biyar a nan sai ta gama sakandare, maigida yana gadi da dare ko yana kan hanya da tirela mako biyu.

Akwai dalili guda da nake so ka tsaya a kansa, domin shi ne ƙwayar gaskiyar da masu jita-jita suka ɗauka suka juya ta. Wancan binciken na 2018 ya nuna a cikin yara 1,000 da aka haifa a Arewa maso Yamma, 187 ba sa kai shekara biyar. A Kudu maso Yamma 62 ne. To me ke faruwa idan jariri ya rasu yana wata biyar? Nono ya tsaya, al'ada ta dawo, kafin shekara ta zagayo wani cikin ya shiga. Mai wabi ta fi kowa yawan haihuwa a gari, ta kuma fi kowa ƙarancin 'ya'ya a tsakar gida. Idan kuwa yaron ya rayu, yana shan nono dare da rana har wata ashirin ko shekara biyu kamar yadda aya ta 233 ta Baƙara ta ambata, shayarwar kanta tana jinkirta ciki na gaba. Saboda haka, i, a inda ake rigakafi tazara tsakanin haihuwa tana tsawo. Hanyar ita ce yaro ya rayu ya riƙe nonon uwarsa. Matar da ta haifi tara ta binne huɗu, da wadda ta haifi shida ta aurar da shida, wace ce aka rage?

Yanzu bari in zo kan mai maganin nan, kuma ka yi haƙuri, zan daɗe a kansa, domin babu makon da ba na cin karo da maganarsa a wani baki, daga Idi-Araba zuwa Alaba Rago. Na san irinsu. Ranar Juma'a kafin a sallame ya riga ya kafa mota a bakin titi, lasifika a kan rufi, jarkoki jere a but, ruwa ja da baƙi da ruwan ƙasa. Jarka ɗaya tana maganin basir da shawara da sanyi da ƙarfin maza. Na taɓa tsayawa na saurari wani har ƙarshe, sai ga shi ya ɗago wata 'yar kwalba ya ce wannan ta "wanke allurar asibiti" ce daga mahaifa. Ka ga inda kasuwar take. Sai ya sayar maka da tsoro kyauta, sannan ya sayar maka da maganin tsoron da kuɗi. Babu lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalbar, babu wanda ya san abin da ke ciki, kuma mako mai zuwa yana wata unguwar. Shi ne wanda aka yarda da shi, ita kuma ma'aikaciyar da ke da suna da ofis da kati mai lamba ita ce abar zargi.

Ka ɗauki maganar tasa ka auna ta da abin da ka sani. An fara babban gangamin allurar agana a wannan yanki a 1967. Ka duba dantsen kakarka ko gwaggonka, za ka ga lambar. Nawa suka haifa? A 1960 Najeriya ba ta wuce mutum miliyan 45 ba. Ƙidayar 1991 ta sami miliyan 88.9, ta 2006 miliyan 140, yau an haura miliyan 220. Duk a cikin shekarun da ake ta yi mana allura. Kano da Katsina da Jigawa, inda aka bi gida-gida da ɗigon shan inna sau da yawa a shekara, shekara da shekaru, fiye da kusan ko'ina a duniya, har yau suna sahun gaba a yawan haihuwa. 'Yan matan da aka ɗiga wa a 2005 su ne yau ke cika layin awo a Kano da goyo a baya. In wannan shiri ne na rage mu, to ba a taɓa yin shirin da ya faɗi warwas irinsa ba.

Sannan ka tambaye shi wannan. Allurar tazarar haihuwa ta gaske, wadda mace baliga ke zuwa da ƙafarta ta nema, wata uku take yi ta sake. In ta daina zuwa, bayan 'yan watanni ciki yana iya shiga. Masana magunguna na duniya sun shafe shekaru suna neman wadda za ta fi haka daɗewa cikin sauƙi. To in akwai ɗigo biyu da za a sa a bakin jaririya ya hana ta haihuwa bayan shekara ashirin, me ya sa ake wahalar da mata da zuwa asibiti duk wata uku? Allurar da ake yi wa mai ciki a wajen awo kuma ta hana ciwon sanƙarewar jiki ce, wato tetanus, wanda ke shiga ta cibiya idan an yanke ta da reza marar tsabta ko an shafa mata toka, jariri ya daina kama nono a kwana na bakwai ya sanƙame ya tafi, a ce tsuntsu ne ko iska. Mace mai ciki ake yi wa, cikin yana nan, ta haife shi. Ta ina ta hana haihuwa?

Batun ƙidaya kuwa shi ya fi ba ni haushi, domin rashin lissafinsa ya yi yawa. Jaririn da aka yi wa allura yau, ko da maganar gaskiya ce, sai bayan shekara ashirin za a ga tasirinta. Wace ƙidaya ke nan? Kuma na gaya maka takardar ƙidaya ta ƙarshe ba ta ma tambayi ƙabila ba. In akwai abin da ke rage yawan Hausawan Legas a takarda, mu ne da kanmu: da an sa ranar ƙidaya sai a cika motoci a tafi gida a ƙirgu a can. Ƙidaya kuwa inda ka kwana take ƙirga ka. Sai a dawo a tarar an tsara asibitin unguwa da ajin makaranta da adadin allurai bisa mutanen da aka samu, mu kuma muna layi muna cewa an ware mu.

Ba zan yi maka ƙarya in ce tsoron mutanenmu ba shi da tushe ba. A 1996 annobar sanƙarau ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000. A tsakiyarta kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara a Kano, cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Goma sha ɗaya sun rasu, wasu sun nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. An yi shari'a shekaru, a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan ya faru, kuma duk ma'aikacin lafiyar da ke yi wa Bahaushe kallon jahili don ya yi tambaya, bai san tarihin aikinsa ba. Amma Trovan maganin warkar da marar lafiya ne da ba a gama tantancewa ba, ba rigakafi ba ne, kuma babu wanda ya ce ya hana kowa haihuwa. Darasin da ya kamata mu ɗauka daga ciki shi ne a tambayi sunan abin da za a ba yaro, a ga kwalbar, a rubuta a kati. Mu kuma sai muka ɗauki wani darasin daban.

A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa bisa wannan zargi na hana haihuwa. Kano ta fi kowa daɗewa, kusan shekara guda, sai a Yulin 2004 aka dawo, bayan an kawo maganin daga Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi. Kafin nan aikin gama ya gama. Yaran da cutar ta shanye a Najeriya sun haura 1,000 a 2006 kaɗai. Ƙwayar ta bi matafiya ta shiga ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da ita Indonesiyar. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Sai da sarakuna, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, suka shiga aikin da kansu, sannan aka ga ƙarshenta: yaro na ƙarshe da ƙwayarta ta asali ta shanye a Borno ne a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da wannan ƙwayar a Agustan 2020. Idan ka ga matashi ɗan shekara ashirin a kan katako mai taya yana bara a tsakanin motoci a Legas, ka lissafa shekarar haihuwarsa. Waɗanda suka yaɗa maganar a wancan lokaci, ko ɗaya a cikinsu bai zo ya tura masa keken ba.

Kuma ba mu daddara ba. A ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, rahoton farko daga Kano da Legas ya fito, Kano ta zama cibiyarsa, kuma mafi yawan yaran da ya kama ba su da cikakkiyar rigakafi. Cuta ce da allurar sati shida da sati goma da sati goma sha huɗu ke tarewa, wadda likitoci da yawa suka gama karatu ba su taɓa gani da ido ba. A Oktoban 2023 da aka kawo ta kansar bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kafin allurar ta iso makarantu saƙon murya ya riga ta isa WhatsApp, da tsohuwar waƙar nan. Yau Najeriya na da yara sama da miliyan biyu da ba a taɓa yi musu allura ko ɗaya ba. A binciken 2018 yaran da suka sami duka alluran farko ba su kai ɗaya cikin uku ba. A Sakkwato biyar cikin ɗari. Kuma duk wanda ya taɓa zuwa aikin Hajji ya miƙa dantse an yi masa ta sanƙarau da ta shawara, an ɗiga masa ta shan inna, bai ce uffan ba, domin Saudiyya ba ta karɓar gardama. Alhaji ya sha, ya dawo ya hana jikansa.

Na taɓa shiga wani gida da masu rigakafi, muka tarar duk yaran an shafa musu baƙin tawada a ɗan ƙaramin yatsa, alamar an yi musu. Uwar ce ta roƙi wata ta shafa musu ba tare da ɗigon ba, don maigida ya rantse in aka ba su a bakin aurenta. Tana magana tana kallon ƙofa. Ita ba ta ƙi ba, tsoro take ji. Shi ya sa nake cewa wannan magana ta maza ce, a masallaci ya kamata a yi ta, ba a wajen awo ba inda ake tara mata ana yi musu faɗa a kan hukuncin da ba su suka yanke ba. Kai malami ne, ka fi ni sanin abin da Sayyidina Umar ya ce da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba: daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ka kuma san ayar Hujurati da ta ce a bincika labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci. Mutumin da ya tsaya a ƙofar ɗakin Allah ya faɗi abin da bai sani ba, uba ya ji ya hana, yaro ya mutu, ban san me zai ce ranar da za a tambaye shi ba. Kwamitin masallaci da ya bar shi ya kafa lasifika shi ma da nasa kason.

Me ya sa ƙyanda ta ɗauki uku a gida ɗaya? A nan ƙaura da cunkoso suka haɗu. Tirelar shanu ko ta tumatir tana haɗa Arewa da Legas cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ƙyanda kuwa tana kwana goma zuwa sha biyu a jiki kafin zazzaɓi ya fito. Yaro zai baro ƙauye lafiya lau bayan Salla, ya sauka Agege, ya yi mako yana wasa. Kwana huɗu kafin ƙuraje su feso ya riga ya fara rabawa. Ƙwayar tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan ya fita, kuma cikin yara goma marasa rigakafi da suka shaƙa, tara za su kamu. Binciken da aka yi a Gini Bisau tun shekarun 1980 ya nuna wanda ya ɗauka a cikin gida, a wajen ɗan'uwan da suke kwana tabarma ɗaya, ciwonsa ya fi tsanani fiye da na wanda ya ɗauko a waje, saboda yawan abin da ya shaƙa. Ka ɗora wannan a kan ɗaki ɗaya mai mutum bakwai da taga ɗaya da aka toshe saboda sauro. Sannan ka ƙara da al'adarmu: a kulle yaro, a hana shi wanka, a ɗiga masa abubuwa a ido, a ce ƙyanda ba ta son allura, sai numfashi ya fara sama-sama a nufi kemis. Ƙyanda na buƙatar a yi wa kashi 95 cikin ɗari rigakafi kafin ta rasa hanyar wucewa. Jihar Legas a dunƙule tana iya zama da adadi mai kyau, amma cuta ba ta duba adadin jiha, layi take bi. Kuma hanyar nan biyu ce, abin da aka ɗauka a nan ma ana kai shi gida.

Ba zan wanke asibiti ba. Na san abin da ke korar matanmu: a je tun bakwai na safe a zauna har azahar, a yi wa mace tsawa da harshen da ba ta ji, a yi mata dariya don ba ta san ranar haihuwar ɗanta ba, wani wurin a nemi kuɗin kati ko na safar hannu alhali rigakafin yara kyauta ne a asibitin gwamnati. Wadda ta haihu a gida Arewa ta zo ba kati, a ce ta koma ta kawo. Wannan sakarci ne, yaro marar kati ana buɗe masa sabo ne. Abu ɗaya da ke da dalili shi ne idan an ce ku dawo rana kaza: kwalbar ta ƙyanda ta yara goma ce, da an haɗa ta kuma bayan awa shida sai zubarwa, shi ya sa ake tara yara a rana ɗaya. Wannan kuwa dama ce gare ku. Ku tara goma daga layinku, ku haɗa su da mace ɗaya mai jin Yarabanci ko Turanci, ko kai ka raka su. In Sarkin Hausawan unguwa ya aika a gaya wa shugabar asibitin cewa ga yara sun taru, sau da yawa su suke ɗauko akwatin sanyi su zo har ƙofar masallaci.

Game da maiɗakinka, shekara huɗu tsakanin haihuwa biyu ga matar da ta shayar da kyau, ta canza gari, kuma shekaru suka ɗan ja, ba abin tashin hankali ba ne, ga shi ma ta haihu. In nan gaba kun yaye, kuna tare, aka shekara babu labari, ku je a duba ku ku biyu, ba ita kaɗai ba. Abin da ke toshe mahaifa a zahiri sananne ne: ciwon sanyi da aka yi wa rabin magani a kemis, ƙwayar cuta bayan haihuwa ko ɓari da ba a wanke da kyau ba, da haɗe-haɗen da ake cusawa da sunan kayan mata, waɗanda irin mutuminku ke sayarwa.

Littafin kuma ka ƙara masa layi uku daga wannan watan. Na farko, duk jaririn da aka dawo da shi daga gida bayan arba'in, ka rubuta shi da garin da aka haife shi, ko da ba kai ka raɗa sunan ba. Na biyu, a kowace jana'izar yaro ka rubuta watanninsa, da ko yana da kati, da allurar da ya tsaya a kai. Na uku, sau ɗaya a shekara, bayan Babbar Salla da mutane suka dawo, ka sa ɗalibanka manya su ƙirga matan aure da ke kwana a layin da yaran da ba su kai biyar ba. Ka fara da gidan da aka yi rashin nan: ka je ta'aziyya, in hankalin iyayen ya kwanta ka nemi ganin katunan yaran uku, da na waɗanda suka rage a ɗakin.